Iya ruwa fid da kai: abin da ke cikin kogwannin teku mai sanyi

A watan Janairun da ya wuce, ranar da hunturu ya tsananta har yara suka shigo aji kowa a ƙudundune, wani ɗalibina ya tsaya bayan an tashi, ya miƙo mini salularsa. Bidiyo ne na mutum biyu sanye da baƙaƙen kaya, da tukwanen iska a bayansu, suna kutsawa cikin wani rami a jikin dutse a ƙarƙashin teku. Da farko ruwan kore ne, can ya yi duhu ƙirin, sai hasken tocila ya sauka a bango, bangon ya fito kamar an lulluɓe shi da atamfa, ga ja, ga ruwan goro, ga fari. Yaron ya ce, "Malam, zinariya suke nema?"

Tambayar ba ta ba ni mamaki ba. A nan Maradi in an ce mutum ya shiga rami, abin da ke faɗo wa zuciya shi ne ramukan zinariya na Ɗan Isa, inda ƙasa ta rufta da mutum aƙalla 18 a Garin Liman cikin watan Nuwamba na 2021. Na ce masa kallo ne da bincike ke kai su. Ya dube ni alamar amsar ba ta ishe shi ba, kuma da gaskiyarsa. Tsakaninmu da teku akwai fiye da kilomita 800. Ruwan da muka sani shi ne tafkin Madarunfa da Gulbi in ya kawo da damina. Duk da haka maganar ta cancanci a warware ta, don rabinta ilmin jikin ɗan Adam ne, kuma akwai inda ta taɓo rijiyoyinmu.

Mu fara da nauyin ruwa. A doron ƙasa iska na danne kowannenmu da wani nauyi da muka saba da shi har ba mu jin sa. In mutum ya nutsa mita 10 cikin teku, nauyin nan ya ninka biyu. A mita 20 ya zama uku, a mita 30 huɗu. Ruwa da nama ba su damu ba, amma duk inda iska take a jiki sai ta matse: kunne, kogon hanci, huhu. Balan-balan da aka hura a sama, in aka kai shi mita 10 zai koma rabin girmansa, in aka dawo da shi ya sake kumbura. Robert Boyle ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1662. Daga nan doka ta farko ta fito: mai nutso da tukunya ba ya riƙe numfashi yana hawa. Iskar da ya shaƙa a ƙasa za ta kumbura a ƙirjinsa, kuma huhu na iya yagewa ko da tazarar ƴan mitoci ce.

Ita tukunyar, iska ce irin wadda muke shaƙa aka ɗura mata da ƙarfi. Mutane kan ɗauka oksijin ce zalla, alhali oksijin zalla guba ce a zurfi, tana sa farfaɗiya. A bakin tukunyar akwai na'urar da ke rage ƙarfin iskar daidai da zurfin da mutum yake, danginta ne ke kan tukunyar gaz ta girki. Jacques Cousteau da injiniya Emile Gagnan suka haɗa ta a Faransa a 1943, kuma tun daga nan mai nutso ya rabu da dogon tiyon da ke ɗaure shi da jirgi.

Lissafin iskar shi ne abin da na fi son ɗalibaina su riƙe. Tukunya mai lita 12, in aka cika ta har ma'auni ya nuna 200, wato ninki 200 na nauyin iskar doron ƙasa, tana ɗauke da lita 2,400. Mutumin da ke shaƙar lita 20 a minti zai yi awa biyu da ita a sama. A mita 30 kowace shaƙa na cin ninki huɗu, sai awa biyun nan ta koma minti 30. Masu shiga kogo kuma suna raba iskarsu uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya ajiya don abokin tafiya in tasa ta samu matsala. Ka ga ke nan a wannan zurfin minti 10 kacal mutum yake da shi na shiga, daga nan dole ya juyo, ko da abin da ya zo gani yana gabansa kaɗan.

Sai azot, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira naitirojin. Ita ce kashi 78 cikin ɗari na iska, jiki kuma ba ya amfani da ita. A ƙarƙashin matsi tana narkewa cikin jini da nama. In mutum ya hau a hankali takan fita ta numfashi ba tare da ya sani ba. In ya hau da gaggawa, abin da ke faruwa ga kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe shi zai faru a jininsa. Kumfar na maƙalewa a gaɓoɓi, ko a lakar gadon baya, mutum ya shanye ko ya rasa ransa. Paul Bert ya gano musabbabin a 1878, John Haldane kuma ya fitar da jadawalin hawa daki-daki a 1908. Yau ana hawa kimanin mita 9 zuwa 10 a minti, a tsaya minti uku a mita 5. Azot tana kuma bugarwa: daga wajen mita 30 tunani kan yi nauyi kamar na mai maye.

Duk wannan ya shafi kowane mai nutso, ko a ruwan ɗumi. Sanyi shi ke ƙara wa abin tsanani. Mu nan in ma'aunin zafi ya sauka digiri 13 da asuba, an hura wuta ke nan a kowace ƙofar gida. Tekun yammacin Sikotlan kuwa digiri 13 ko 14 shi ne ɗuminsa na ƙarshen bazararsu, a ƙarshen hunturu yakan sauka 7 ko 8. Ruwa kuma na zuƙe zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Wanda ya faɗa irin wannan ruwa ba kariya, numfashi ne zai fara ƙwace masa, ya ja iska ba da nufinsa ba, in kansa na ƙasa ya ja ruwa. Bayan ƴan mintoci yatsu su daina bin umurni. Zafin jiki 37 ne, in ya sauka ƙasa da 35 hankali ya fara gushewa. Abin da ya fi ba ni tsoro a nan shi ne yatsun. Duk abin da zai ceci mai nutso, buɗe famfon tukunya ne, ko ɗaure igiya, ko kunna tocila ta biyu, kuma duka aikin yatsu ne.

Shi ya sa suke sa wata riga da ruwa ba ya shiga ko kaɗan, a toshe take a wuya da wuyan hannu, da kayan ɗumi a ciki. Iskar da ke tsakanin rigar da fata ita ke riƙe zafi, kuma ita ma tana bin ƙa'idar Boyle. Ana sauka tana matsewa, sai an ƙara mata. Ana hawa tana kumbura, sai an sace ta. In ta taru a ƙafafu takan juya mutum kai ƙasa ta yi sama da shi. Na'urar shaƙa ma sanyi bai bar ta ba. Duk wanda ya taɓa kara hannu a bakin taya mai faci na sace mata iska ya ji yadda iskar ke fitowa da sanyi. A ruwan da ya riga ya yi sanyi, wannan kan sa ƙanƙara ta kama cikin na'urar, ta maƙale a buɗe, tukunya ta tsiyaye cikin ƴan mintoci. Don haka masu shiga kogo kan ɗauki tukunya biyu, kowace da na'urarta.

To, ga matsi ga sanyi, sai kuma rufi. A buɗaɗɗen teku wanda ya shiga uku yana da mafita ɗaya da ba ta ɓata, wato sama. A kogo dutse ne a sama. Hanyar da ka shigo ita ce kaɗai hanyar fita, kuma tsawonta bai ragu ba don ka firgita. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma ban san wurin da karin maganar nan ta zauna daram kamar nan ba.

Kogon teku igiyar ruwa ce ke sassaƙa shi. Takan samu tsaga a dutse, ta riƙa dukan wurin, tana cusa iska da tsakuwa ciki, shekara dubbai, har tsagar ta zama ɗaki. Haka kogon Fingal na tsibirin Staffa a Sikotlan ya samu, da ginshiƙansa masu kusurwa shida. Haka kuma tsibiran St Kilda na can Sikotlan ɗin, waɗanda mutum 36 na ƙarshe suka bari a 1930, suka zama cike da ramuka da ƙofofi a ƙarƙashin ruwa, inda masu nutso ke zuwa saboda garai-garai ɗin ruwansu. Amma igiyar da ta sassaƙa kogon ba ta tafi ko'ina ba. In ta shigo wurin da ke tsukewa ƙarfinta ƙaruwa yake, ta tura mutum ciki, ta fizgo shi, ta buga shi da bango. Guguwar da aka yi can tsakiyar Atilantika kwana biyu da suka wuce tana iya aiko da ita ranar da sama take tangaran. Shi ya sa ba a shiga sai an duba lokacin cikowar teku da janyewarsa, da labarin igiya.

Inda igiya ba ta kaiwa kuma, laka ce ke kwance, mai laushi kamar garin da aka tankaɗe. Shuri ɗaya na ganganci ya isa ya tashe ta, kuma in ta tashi tocila ba ta da amfani, kamar fitilar mota ce cikin ƙurar hunturu mai kauri. Mutum zai miƙa hannunsa bai gan shi ba, irin duhun da Suratun Nur ta siffanta, wani a kan wani. Don haka suke koyon shurin kwaɗo, wanda ke tura ruwa baya maimakon ƙasa. Kuma suna ɗaure siririyar igiya tun daga bakin kogo suna warwarewa, in ido ya daina aiki hannu ya bi ta. Wani Ba'amurke, Sheck Exley, ya bi labaran waɗanda suka mutu a kogwanni ɗaya bayan ɗaya, ya wallafa abin da ya gano a 1979. Kusan kullum ɗaya daga cikin abubuwa kaɗan ne: ba igiya, ko an ci iskar komowa, ko an zarce zurfi. Daga baya aka ƙara rashin horo da rashin tocila uku.

Kusa da birnin Marsai na Faransa akwai kogon da ya tara wannan duka. Ƙofarsa na mita 37 a ƙarƙashin teku, daga nan wani dogon lungu mai fiye da mita 100 ya hau zuwa ɗakin da ruwa bai gama cikawa ba. Henri Cosquer ya gano shi a 1985, bai bayyana wa hukuma ba sai a watan Satumba na 1991, bayan masu nutso uku sun ɓata a lungun sun rasu. A bangon ɗakin akwai zanen dawaki da dabbobin teku da tafin hannun mutane fiye da 60, wasu sun haura shekara 27,000. Masu zanen da ƙafa suka shiga, don a zamaninsu teku ya fi na yau ƙasa da kimanin mita 120. An toshe ƙofar yanzu, an gina kwafinsa a cikin birnin a 2022.

Wata rana na kai maganar ga wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi shekaru yana haƙar rijiya a ƙasar Dakoro, inda rijiya kan kai gaba talatin ko fiye. Na gaya masa a rufin wasu kogwannin akwai inda iska ta maƙale, mai nutso na iya fito da kansa, amma an hana shi cire abin shaƙa daga baki don iskar na iya zama matacciya. Ya ce, "Ai wannan tsohon zance ne, ɗana. Mu ba mu sauka sai mun zura fitila. In ta mutu, ba mai shiga." Na ce, "Baba, igiya fa?" Ya ce ko da rana tsaka ba ya kwance ta daga ƙugunsa, kuma ba kowa yake yarda ya riƙe masa ita a sama ba. Na so a ce masu lambunmu na bakin Gulbi sun ji shi, musamman masu saukar da injin ban ruwa cikin rijiya su bi shi. Hayaƙin injin ba ya fita daga rami, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Ita ce dai ake tsoro wurin cika tukunyar nutso: in injin ɗurin ya zuƙi hayaƙi, ɗan kaɗan ɗin da ba zai kayar da mutum a sama ba yakan ninka a zurfi.

Yanzu ga abin da ke kai su. Manomi ya san hatsi na yi a gindin gawo, don gawo kan zubar da ganye da damina ya bar rana ta sauko, amma ba ya yi a inuwar bedi. Haka dutsen teku yake. Inda haske ke kaiwa ciyawar teku ce ke mulki, wata doguwa ruwan ƙasa da ta fi mutum tsawo, tana tsaye kamar kurmi. A bakin kogo sai ta ja da baya ta bar wa ƙananan jajayen ciyayi masu haƙuri da inuwa. Gaba kaɗan su ma su ƙare. Daga nan bango ya zama na dabbobi, irin dabbobin da ba su tafiya, suna manne wuri ɗaya ruwa na kawo musu abinci. Ruwan sanyi ya fi riƙe oksijin, ya kuma fi yawan ƙananan halittun da ke yawo a ciki, igiyar ruwa kuma na shigo da su dare da rana. Shi ya sa ba a ganin dutsen ma sam, kowane taƙi da mai shi.

Akwai soso iri-iri, wanda dabba ne duk da kamarsa, yana zuƙar ruwan da ya ninka girmansa sau dubbai a yini yana tace abinci. Akwai wata halitta mai kamar fure, faɗinta bai wuce farce ba, da ƴan ƙwallaye a kan kowane hannu. Takan tsage gida biyu ta zama biyu, biyun su zama huɗu, shi ya sa ake ganin fili guda kore shar, kusa da shi fili guda ruwan hoda, kowane fili zuri'ar uwa ɗaya ce. Akwai wata mai laushi, fara ko ruwan lemo, da Turawan Ingila ke kira yatsun mamaci. Akwai wasu jajaye cunkus kamar an watsa dafaffen wake a bango. A cikin tsaga kuma manyan ƙaguwa da jatan lande ke laɓe, da wani dogon kifi mai kamar gaiwa wanda kan kai mita biyu. Launukan nan duka a ɓoye suke, don ruwa na haɗiye jan haske tun a mitocin farko. Sai tocila ta zo ja yake zama ja. Atamfar da ɗalibina ya gani, in ba don wannan minti goma ba, a duhu take rayuwarta.

Can ƙuryar kogo abinci ya yi ƙaranci, halittu su ƙanƙance, su koɗe, su yi nesa da juna. A kogwannin Bahar Rum wasu mitsi-mitsin jatan lande kan yini a nan cikin taro, da dare su fita kiwo su dawo, kashinsu ya zama abincin mazauna ƙurya, kamar yadda jemagu ke yi wa kogon tudu.

Labarin da ya fi burge ni daga wani kogo yake kusa da garin La Ciotat, gabas da Marsai. Yawancin kogwanni hawa suke in an shiga, shi wannan gangarawa yake. Ruwan sanyi ya fi na ɗumi nauyi, don haka na hunturu kan kwanta a ciki ya ƙi fita, kamar yadda sanyin asuba ke kwanciya a fadama ya bar tudu. Duk shekara ruwan na nan wajen digiri 13 zuwa 15, ga duhu, ga shiru, wato yanayin ƙasan teku mai zurfi a wurin da bai fi mita 25 ba. A 1995 masana biyu, Jean Vacelet da Nicole Boury-Esnault, suka ba da labarin wani ɗan farin soso da suka samu a ciki, danginsa na zaune a zurfin dubban mitoci. Ba ya tace ruwa. Zaruruwa gare shi masu ƙananan ƙugiyoyi, ɗan jatan lande ya gifta ya maƙale, soson ya lulluɓe shi a hankali ya narkar da shi cikin kwanaki. Kafin nan ba a san soso na cin nama ba.

Manyan baƙin kogo su ne wasu dabbobi masu shayarwa, jiki kamar na ayu, kai kamar na kare, Faransawa na ce musu fok. A gaɓar Wales ta Birtaniya matansu kan shiga kogo da kaka su haihu a kan tsakuwar ƙurya. Jaririn na zuwa da farin gashi, nauyinsa wajen kilo 14, nonon uwar kuma rabinsa mai ne, har yakan ƙara kusan kilo biyu a yini. Mako uku ta yaye shi. In masu nutso suka firgita ta a wannan tsakanin tana iya gudu ta bar shi. A nahiyarmu ma akwai su. A Ras Nuwadibu, kan iyakar Muritaniya da Yammacin Sahara, inda ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku, wani jinsinsu da ya kusa ƙarewa a duniya yana haihuwa a kogwanni. Da can a fili suke haihuwa bisa rairayi, farauta ce ta kora su ciki, inda igiyar ruwa kan fizge jarirai. A 1997 kusan kashi biyu cikin uku na garken suka mutu cikin ƴan watanni, kuma an ɗauki shekaru ana gadin wurin kafin su farfaɗo.

A nan nake da ra'ayi. Mai nutso ko bai taɓa komai ba yana barin ɓarna. Kumfar numfashinsa kan taru a rufi ta zauna, halittun da ke wurin su bushe a tsakiyar teku. Shuri ɗaya kan karya abin da ya yi shekaru yana girma. A ganina bakin kogo ya ishi mai kallo, ƙurya kuwa a bar wa masu bincike ƙalilan da izini. Ɗumamar teku ma ta ishe su jarrabawa: zafin da aka yi a 1999 da 2003 ya kashe soso da murjani masu yawa a gaɓar Faransa da Italiya.

Murjani kuwa, shi ne ya sa na koma wa yaron da maganarsa. Jan murjanin nan da kakanninmu mata ke ɗaurawa a wuya, wanda Suratur Rahman ta ambata tare da lu'ulu'u, ƙashin wata dabba ce da ke girma a inuwar duwatsu da rufin kogwannin Bahar Rum, sau da yawa kai ƙasa. Fatake ne suka riƙa ƙetaro Sahara da shi har ƙasar Hausa. Masu cirarsa a can jan zinariya suke ce masa, kuma sun kwashe na kusa har sai an nutsa da nisa ake samun manya. Yawancin na kasuwa yau kwalba ce ko roba. Washegari na ari na mahaifiyata, na gaske, wanda ta gada, na kai aji na ɗora wa yaron ƙwaya ɗaya a tafin hannu. Na gaya masa kaurin reshen murjani ba ya ƙaruwa da ko milimita ɗaya a shekara. Ya ɗauko abin awonsa ya gwada ƙwayar, ta kai milimita 11, ya zauna yana lissafi a bayan littafinsa.